Duwatsun Bayan Ɗakin Yakaka

Duk wanda ya san Azare a shekarun nan da gyaɗa ta fara kuɗi ya san Yakaka mai ƙuli, ko bai taɓa sayen ƙulinta ba ya taɓa shan faɗanta. Babarbariya ce gajera, mai murya kamar ta mutum biyu. Idan tana murza tunkuza kuwa, mai hankali ba ya yi mata dogon zance. Mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba, gida ya koma hannun ƙanensa, Malam Kashim. Shi ya bar ta a sashenta na can ƙurya: ɗakuna biyu na jinka, bishiyar kurna, da wata ƙatuwar tukunya da ba ta huce ba shekara da shekaru.

Tukunyar nan ba ta ƙuli ba ce, ta wankan jego ce. Al'ada ce yarinya mai cikin fari, in ya kai wata bakwai, ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, uwa ta karɓi haihuwa, ta yi mata wanka har arba'in. To, amma ba kowace yarinya ke da gidan zuwa ba. Akwai marainiya, akwai wadda miji ya tafi cin rani ya ɓace, akwai kuma wadda aka kora da cikin da ba a son ambato. Irin waɗannan, ɗakin Yakaka na biyu ne gidansu. Ba ta tambayar uban ciki. Tambayarta ɗaya ce: "Kin ci abinci?"

Malam Kashim ba mugu ba ne, mutum ne mai tsoron bakin jama'a. Ya yarda a kwana, ya yarda a haihu, amma ya kafa sharaɗi guda: mabiyiya da cibiya a kai su bayan gari a binne. Kowa ya san inda aka binne cibiyar mutum nan yake kira gida, shi kuwa ba ya son wata rana wani ya tsaya a zaurensa ya ce nan ne asalinsa. Yakaka ta bi sharaɗin har haihuwa tara, tana bi tana cizon yatsa.

Sai shekarar da cuta ta faɗa wa shanu a wajen Udubo. Wata ranar kasuwa, da hantsi, Yakaka ta hangi wata 'yar Fulani zaune a gindin tsamiya, da ƙwarya babu nono a cikinta. Ba za ta wuce shekara goma sha shida ba, ƙafafunta sun kumbura, tana ta jan zane tana rufe cikin da ya riga ya fi ƙarfin ɓoyo.

"Ke 'yar nan, me kike sayarwa a ƙwaryar wofi?"

Yarinya ta sunkuyar da kai.

"Tashi ki ɗaukar mini farantin nan. Ko ba ki ga tsohuwa da kaya ba?"

Haka Yakaka take taimako, sai ta sa ka ji kamar kai ne ka taimake ta. Sai da aka kwana uku kafin yarinyar ta buɗe baki. Sunanta Zuliha. Mijinta Bubayero ya rasu da damina, shanunsu sun ƙare, dangin miji suka watse neman kiwon wasu. Iyayenta kuwa sun tashi da ragowar dabbobinsu tun bara, sun yi kudu. Ta je tsohuwar rugarsu ba ta tarar da komai ba sai turaku da toka.

Wata biyu Yakaka tana kiwonta. Ta hana ta daka, ta sa ta tsinar gyaɗa a zaune. Tana yi mata faɗa a kan ƙin ci, tana kuma tura mata tsokar da ke cikin nata kwanon. Ranar naƙuda, saboda kunyar Fulani, Zuliha ba ta ce uffan ba, sai Yakaka ta ga ta riƙe turmi tana zufa da sanyin safiya. Kafin azahar ta sauka lafiya, 'ya mace.

Yakaka ta yanke cibi, ta wanke jaririya, ta naɗe mabiyiya a tsumma, ta ɗauki fartanya za ta nufi bayan gari kamar yadda ta saba. Sai ta ji muryar Zuliha daga kan gado, a hankali.

"Inna, ina za ki kai?"

"Inda ake kaiwa."

"In ta girma ta tambaye ni inda cibiyarta take, wane daji zan nuna mata?"

Yakaka ta tsaya cik a bakin ƙofa. Maganar ta soke ta a inda ba wanda ya san akwai miki. Ta juya, ta zagaya bayan ɗaki, ta fara haƙa a gindin kurna.

Ƙarar fartanya ce ta jawo Malam Kashim. Ya tsaya a kanta, ransa a ɓace.

"Yaya, ba mu yi haka da ke ba."

"Ba mu yi ba," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Gidan nan na marayun wasu ne? In kika binne abin nan, gobe ki nemi inda za ki kai tukunyarki."

Ta san ba wasa yake ba, ta kuma san ba ta da inda za ta. Ta ajiye fartanya, ta miƙe da ƙyar, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kashim, kai ka san ni a matar yayanka wadda ba ta haihu ba. To, na haihu. Ina kamar yarinyar can, a hanyarmu ta baro Borno da mijina na fari, na haihu a wani zango. Babu uwa, babu ruwan zafi. Wata mai tallan fura ce ta yanke cibi. Yaron ya kwana biyu ya koma. An binne shi da cibiyarsa a gefen hanya, ayari ya tashi. Shekara talatin ke nan, ko za a yanka ni ban san wurin ba. Tara na kai maka daji, kowanne ina jin kamar shi nake sake yarwa. Wannan kam ba zan kai ba. In korata za ka yi, bari in rufe ramin tukuna."

Malam Kashim ya duba ramin, ya yi tsaki.

"Wannan rami ko kaza ta tone shi. Ba ni fartanyar."

Ya zurfafa shi da hannunsa, ta sa, ya rufe. Ta ɗauko wani guntun dutsen niƙa ta aza a kai. Ranar suna shi ya kira liman, ya yanka akuya, aka raɗa wa yarinya Ruƙayyatu. Masu surutu suka yi har suka gaji.

Zuliha ta yi arba'in ɗinta cif, wanka da ganyen runhu safe da yamma, kunun kanwa har sai ta ce ta ƙoshi a ƙara mata. Bayan yaye wani manomi daga Itas ya aure ta, ta tafi da 'yarta. Daga nan duwatsu suka yi ta ƙaruwa a gindin kurna. Ni dai na ƙirga sha huɗu da idona, kuma Yakaka ta san sunan kowanne, tana share tsakaninsu kowace safiya tana yi musu mita.

Shekara goma sha bakwai suka wuce. Yakaka ta tsufa, idonta ya yi hazo, tukunya ta fi ƙarfinta. Wata rana da la'asar Malam Kashim na zaune a zaure, sai ga wata yarinya a kan jaki, cikinta ya tsufa, wani saurayi yana jan akala. Ta sauko, ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yar wa ce ke?"

"Baba, uwata Zuliha ta rasu bara. Surukaina suka ce ba ni da gidan goyon ciki, in haihu a wurinsu. Na ce ina da shi. Uwata ta ce mini cibiyata tana bayan ɗaki, gindin kurna, guntun dutsen niƙa."

Tsohon ya tashi ya shige gaba, ta bi shi har ƙurya. Yakaka na zaune a tabarma, ta ji takun da ba ta sani ba.

"Wace ce?"

"Yaya, 'yarki ce ta zo gida," in ji shi. "Bari in sa a kawo itace."

Yakaka ta miƙa hannu ta laluba fuskar yarinyar, ta gangaro ta dafa cikin. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Kin ci abinci?"