Alhaji Bawa da Ƙwan Tsuntsun Teku

Yabo ya tabbata ga Allah Mai ciyar da tsuntsu a tsakiyar teku, tsira da aminci ga Annabinmu da alayensa.

Duk wanda ya taɓa karya kumallo a gidan marigayi Alhaji Bawa a unguwar Al Rigga, can ƙasar Larabawa, ya san ba ya cin ƙwan kanti. "Kajin da allura ta raina? A'uzubillahi!" Ƙwan tsuntsun teku yake ci, wani masunci ke kawo masa a ɓoye, ko da yake hukuma ta hana.

Wata rana maƙwabcinsa Yohanna, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, ya tarar da shi yana suya. Ya ce, "Baba Alhaji, irin wannan ƙwan muke aunawa. Akwai gubar masana'antu a ciki."

"Ikon Allah! Tsuntsuwar a masana'antun Al Quoz take aiki?"

Sai Alhaji ya aika aka kira ni, ni malaminsu. Ya fasa ƙwai a faranti, ya ce, "Malam, ba kai ka karantar da mu cewa ruwa yana nan da tsarkinsa sai launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ya jirkita ba? Duba! Shinshina!" Na duba, na shinshina, ban ga aibu ba. Na kuwa rasa babin fiƙihun da zan saka dattin da ido bai gani, hanci bai ji.

Alhaji yana cikin dariyar nasara Yohanna ya ce gubar ta fi cutar da ɗan tayi. Ashe Hauwa, 'yar Alhaji, tana da juna biyu, kuma kullum sai ya aika mata da soyayye. Ya sauke kaskon. "Khalas, na daina," in ji shi.

Da aka haihu, ya hana kowa taɓa jaririn sai Yohanna ya duba shi. "Baba, ni fa ƙwai nake aunawa!"

"To, wannan daga ina ya fito? Auna!"

Yaron lafiya lau, alhamdulillahi.

A jinyarsa ta ƙarshe, shekarar korona, ya tambaye ni ta waya, "Malam, ranar hisabi wa tsuntsuwar nan za ta riƙe? Ni da na cinye mata 'ya'ya, ko wanda ya ɓata mata ruwa?" Na ce Allah ne Masani. Har yau ban sami abin ƙarawa ba.

Allah Ya gafarta wa Bawa, Ya raya jikansa. Mai karatu, Allah Ya tsarkake abincinka, Ya albarkaci gidanka.