Rumfar da Na Kafa a Bayan Apo

Har yau in na tuna Asabar ɗin da muka fita bayan Apo, sai haushi ya kama ni. Ku da kuka shigo aikin koyarwa kwanan nan, ku saurara.

Lokacin ina babban malami a sashen Turanci na wata jami'a a nan Abuja, kuma ni nake koyar da adabin Amurka na ƙarni na sha tara, shekara da shekaru. Ƙashin bayan kwas ɗin shi ne falsafar da suke kira transcendentalism. Masu ita suka ce mutum ya bar hayaniyar gari, ya shiga daji shi kaɗai ya yi shiru, zai ga ayar Mahalicci a ganye da ruwa, ya ji gaskiya daga zuciyarsa. A nan marubutan Amurka suka sha, a nan kuma masu kare dazuzzuka suka samo hujja. Na san abin nan kamar sunana.

Sai aka ɗauko wani ƙaramin malami, Ishaya, ɗan Filato, aka ce ya riƙa taya ni. Ko digirin dokta bai gama ba! Ran nan ya kwashi rabin ajin ya kai su gindin wani dutse a bayan Apo, ya karɓe wayoyinsu, ya ce kowa ya nemi bishiyarsa ya zauna shiru. Iyakar abin da ya yi ke nan fa. Amma yaran nan suka dawo ba su da zance sai na Ishaya. Wata ɗaliba har ta ce mini, "Sir, sai yanzu na gane kwas ɗin nan." Ni take gaya wa! Wallahi kishi ya kama ni, ko abinci ban iya ci ba.

A ƙa'idarmu, ƙarshen kowane zango malaman sashe kan zauna a raba kwasa-kwasai, shugaban sashe ke yanke hukunci. Na ji ƙishin-ƙishin za a ba Ishaya nawa. Na ce to, ni ma zan fita dajin da ɗalibai, in nuna masa yadda manya ke yi.

Kun san mu a Abuja, ba ma taro a tsaye. Na ɗauko hayar rumfa da kujeru daga Utako, da lasifika da janareta. Na gayyaci shugabar sashe, Farfesa Hauwa, ta zama babbar baƙuwa. Ishaya ya matso ya ce, "Oga, janaretan nan ba zai kori tsuntsaye ba?" Na ce, "Kai dai jera kujeru."

Aka buɗe da addu'ar Musulmi da ta Kirista, aka gabatar da manyan baƙi, sannan na kama makirufo na yi ta bayani kan amfanin shiru da kaɗaici, har rana ta take, har janaretan ya mutu. Bayani kuwa ya yi kyau, ba yabon kai ba. Wani makiyayi ma ya tsaya da shanunsa yana tambaya ko ɗan siyasa ne ya zo.

Da na ɗago kai daga takarduna, sai na ga kujerar Farfesa ba kowa. Can na hango ta, ta cire takalmi tana zaune a kan dutse ita kaɗai. Da za mu tafi ta ce, "Dokta, ka yi ƙoƙari. Amma sai da mai ya ƙare a janaretan nan na fara jin abin da kake nufi."

A zaman sashe aka ba Ishaya kwas ɗin, ni aka tura ni koyar da nahawu ga 'yan shekarar farko. Yanzu Ishaya ya zama dokta, har gayyatarsa ake yi tarukan muhalli. In mun haɗu yakan rusuna ya gaishe ni, ni kuwa in amsa da ƙyar.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ɗalibi ba ya tuna malamin da ya fi sani, wanda ya bar shi ya ɗanɗana da kansa yake tunawa. Na yarda, ku ma ku riƙe. Amma wallahi na fi yaron nan karatu, kuma har gobe abin yana ci mini rai.