Butar Direba da Tukunyar Ladi

A duk shekarun da na yi ina aikin maƙabarta, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da sabon Ciyaman ya kawo mana ziyara. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna yawan tambayata me ya sa nake hana a taɓa ko murfin kwano a tsohon ɓangare. Tun da yanzu hannuna ya fara sabawa da biro, na ce bari in rubuta muku dalilin.

A daminar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki abin ya faru. Lokacin ina lebura a tsohuwar maƙabartar Kirista da ke bayan layin dogo, ta wajen Tirkaniya. Mu biyu ne ma'aikatan dindindin, ni da hedimanmu, wato babbanmu a wurin aiki, Baba Ishaku, wanda saura 'yan watanni ya yi ritaya. A samanmu akwai sufabaiza, Oga Bulus. Shi a sakatariyar ƙaramar hukuma yake zama, ba ma ganinsa sai in babban mutum ya rasu.

Sai na yi wa wanda bai san wurin ba bayani. Kaburburan da aka yi wa siminti da suna ba su da yawa. Mutanen da, in sun binne nasu, sai su aza masa wani abu da aka san shi da shi. Malam Audu, ɗaya daga cikin 'yan ƙasa na farko da suka tuƙa jirgin ƙasa, butar shayinsa aka sa masa. Mama Laraba ungozoma, fitilar da take fita da ita. Bitrus mai bishara, ƙafar kekensa. Sauran kuwa langa ce, da fanteka, da kwalba. Ruwan sama ya daɗe da shafe tudun kaburburan, ƙasa ta koma bai ɗaya. Saboda haka mu da kayan nan muke gane kowa. In Baba ya ce min, "Je ka nome daga buta zuwa fitila," na san inda yake nufi.

Wata Juma'a sai ga Oga Bulus a kan babur. Ya ce ranar Litinin Ciyaman zai zo ya ajiye furanni a kaburburan manyan da suka gina unguwannin nan, an gayyaci zumuntar mata su yi waƙa, har da mai hoto. Ya ce gobe Asabar ni da Baba mu tafi kasuwa mu sayo farar ƙasa, shi zai kawo leburorin shara su yi ciyawa.

Muka tafi. Da muka dawo da yamma, Baba ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Wuri ya yi fes kamar filin ƙwallo. Mutanen shara sun yi aikin da suka iya. Duk abin da ya yi tsatsa a wurinsu bola ne, sun tattara buta da fitila da kwanoni sun tara a jikin katanga suna jiran tifa. Abu ɗaya ya gagare su, wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da rabinta ya nutse a ƙasa, ƙarƙashin mangwaro. Ta Ladi mai burukutu ce. Ita ma ba ƙaramar mace ba ce a zamaninta, ita ce ta fara rufin kwano a layinsu, kuma duk ma'aikacin jirgin da ya karɓi albashi sai ya biya ta gidanta kafin ya tuna hanyar nasa.

Oga Bulus yana tsaye yana murmushi. Ya ce, "Baba, ka ga aiki?"

Baba ya ce, "Na gani, ranka ya daɗe. Yanzu ina direba?"

"Wane direba?"

"Wanda Ciyaman zai sa wa fure."

Da Oga ya fahimci abin da ya faru, murmushin ya gudu. Ya ja mu gefe ya ce, "Kada in ji maganar nan a bakin kowa. Ku mayar da kayan yadda suke. Baba, kai ne hediman. In Ciyaman ya gane an samu matsala, kai za ka amsa, kuma sallama ce, ba ritaya ba."

Na so in ce ai ba mu muka kwashe ba, Baba ya taka min ƙafa.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci muka hau aikin. Mun san ɓangaren da kowa yake, amma ainihin wurin ya ɓace mana. Baba ya riƙa ajiye kaya yana cewa, "Ubangiji ya san nasa." Da aka zo kan buta sai na ga ya ɗauke ta da hannu biyu, ya wuce tsakiyar fili, ya kai ta ƙarƙashin mangwaro, ya jingina ta da tukunyar Ladi, har ya danna ta da ƙafa don ta zauna sosai.

Na ce, "Baba, ai ina jin direba can yake wajen katanga."

Ya ce, "Kai dai miƙo min fitila."

Litinin da hantsi motoci suka iso. Ciyaman ya fito cikin farar babbar riga, kansiloli na biye da shi, wani yana riƙe da furanni da aka naɗe kamar tayar mota. Matan zumunta sun zo da ankonsu, da tulunan kiɗa da caki, yawancinsu tsofaffi. Baba ya shiga gaba yana bayani da murya irin ta mai wa'azi. Ya nuna ƙafar keke ya ba da labarin Bitrus, yadda ya riƙa haye rafi da keke a ka. Ya nuna fitila ya ce, "Ranka ya daɗe, rabin mutanen da ke tsaye nan, Mama Laraba ce ta yanke musu cibiya."

Ina baya ina kallon matan. Na ga sun fara zungurar juna, wata tana nuna fitila da baki, wata tana girgiza kai. Sun gane ba nan ne wurinta ba. Amma ba wadda ta ce uffan. Shekarun soja sun koya wa mutane cewa in gwamnati ta nuna maka gabas ta ce yamma ce, sai ka ce na gode. Waƙa kawai suka ƙara ɗagawa.

Sai aka zo ƙarƙashin mangwaro. Baba ya ce, "Ga Malam Audu direba." Ciyaman ya karɓi furanni, ya gyara hannun riga, ya sunkuya, mai hoto ya durƙusa.

"Kai! Wa ya kawo min shi nan?"

Mama Tabita ce, matar marigayin, wadda aka ɗauko a mota daga Unguwar Boro saboda ciwon gwiwa. Tun safe a kan kujera take. Ban san lokacin da ta taso ba, sai ganinta na yi ta ratsa kansiloli, ta bar sandarta a baya.

Ta ce, "Yana da rai na yi fama na hana shi gidan Ladi, yanzu ya mutu kun ɗauko min shi kun kwantar a gefenta? Har kafaɗa na taɓa kafaɗa?"

Wani ɗan sanda ya matso zai tare ta. Ciyaman ya ɗaga masa hannu. Da gwamnan soja ne da mun sha tsallen kwaɗo a ranar, amma wannan ya san ƙuri'ar matan nan ce ta kai shi kujera, kuma zai sake nema. Ya ce, "Mama, yi haƙuri. Ina ne wurinsa?"

"Ɗauko butar ka biyo ni, ɗana."

Haka Ciyaman ya miƙa wa kansila furanni, ya ɗauki buta mai tsatsa ya rungume a farar riga. Mama Tabita ta juya wa tukunyar baya, ta miƙe sak har jikin katanga, ta buga ƙafa a ƙasa. Ta ce, "Nan. Ni na zaɓi wurin da kaina. Na ce wa masu haƙa su yi ta tafiya sai katanga ta tsayar da su."

Dariya ta ɓarke, har Faston da ya rako matan ya rufe fuska da littafin waƙa. Daga nan bakin kowa ya buɗe. Wata ta ce, "To ai nawa ma ba nan yake ba!" Wata ta ce, "Wa ya ba mijina fanteka? Mutumin da ko ruwa bai taɓa ɗebo min ba?" Suka bazu cikin fili kowace da kayan gidanta a hannu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, duk wadda za ta nemi mijinta sai ta fara zuwa wurin tukunyar Ladi ta tsaya, sannan ta auna da ido ta tafi. Ashe kowace ta san nisan da ta bari tsakanin mijinta da Ladi. Da mazan suka koma wurarensu, sai sauran suka zo da sauƙi. Aka tuna ungozoma tana kusa da ƙanenta, Bitrus yana wajen ƙafafun malamin makaranta. Inda aka yi gardama, Fasto ya raba. Kafin rana ta take, maƙabarta ta koma daidai, har wasu kwanonin da suka daɗe a karkace tun kafin zuwana sun sami masu su.

Oga Bulus ya riga ya buɗe baki yana nuna Baba da yatsa, sai Ciyaman ya juyo yana kakkaɓe tsatsa daga rigarsa, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce, "Wa ya shirya wannan tsari na sa iyalai su nuna nasu da kansu? Irin mulkin da muke so ke nan, jama'a su yi magana."

Yatsan Oga ya lanƙwashe a hankali ya koma kan ƙirjinsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mun daɗe muna tunanin abin a ofis."

Baba ya ce, "Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe. Tun ranar Asabar Oga ya fara."

Ciyaman ya yi alkawarin za a yi wa kowane kabari siminti da suna. Kun dai ga simintin da idonku, ko? Ni ma ina jira. Amma Baba Ishaku ya yi ritayarsa lafiya, matan zumunta har shinkafa suka dafa masa.

Da kowa ya watse muna kwashe kujeru na ce, "Baba, gaya min gaskiya, butar nan kuskure ka yi?"

Ya ce, "Yakubu, a duk filin nan wuri ɗaya na tabbata da shi, wato inda direba ba ya kwance. An hana ni tambaya. Kuma ko na tambayi matan nan, cewa za su yi tsufa ya zo, sun manta, gwiwa na ciwo. Amma ba wanda ya hana ni yin kuskure a gaban mai shi."

Abin da na koya ke nan a aikin nan. Mu masu haƙa da noma ne kawai, ainihin masu tsaron maƙabarta suna gidajensu, kuma abin da ka ga ya yi tsatsa a kan kabari, akwai wanda yake lura da shi daga nesa. Mama Tabita ta rasu bayan 'yan shekaru, ni na haƙa mata. 'Ya'yanta suka ce wasiyya ta bari, kada a sa ta ta gefen katanga. Ta ɗaya gefen muka sa ta, tsakanin direba da mangwaro.