Sunayen da Na Gajarta wa Mansuru

Shekara shida ke nan da rasuwar ɗana Mansuru, kuma har yau akwai gida a unguwar Nyohini da ake tuna shi a matsayin wanda ya wulaƙanta babban ɗan gidan. Ba shi ya yi ba. Ni ne.

Ina da shagon buga takardu a unguwar Tishigu. Karatuna bai yi nisa ba, da injin tafireta na fara. Mansuru ne ya kawo kwamfuta, ya rubuta wa manhajar da muke rubutu a ciki ƙari guda biyu, wato ƙananan shirye-shirye da ke ƙara mata aiki. Ɗaya na makarantu, yana jera sunayen ɗalibai bisa haruffa. Ɗaya na takardun addu'a, yana jera dangin mamaci bisa girma, babba a sama. Kowane umarni a ciki yana da suna, kuma dokar Mansuru ita ce sunan ya fara da na ƙarin da ya fito: makaranta_tsara, addua_tsara.

"Baba, manhajar nan gida ɗaya ce mai 'yan haya da yawa," ya ce mini. "In biyu suka amsa suna ɗaya, wanda ya shigo daga baya shi kaɗai za ta riƙa ji."

Na ce, "Kai dai kana son wahalar da yatsun tsoho."

Da ya tafi Kumasi wani aiki, na buɗe inda ya nuna mini ana rubuta umarnin, na datse kawunan sunayen. Duka biyu suka koma tsara. Har daɗi na ji, wai na iya.

A makon aka kawo takardar addu'ar arba'in ta wani dattijo na Nyohini. Na kira tsara, na buga, ban karanta ba. Umarnin makaranta ne ya amsa. Autan gidan, Abdullahi, ya hau sama. Babban ɗa, Alhaji Yakubu, ya faɗo ƙarshen layi, ƙasa da surukai. Gidan kuwa dama ana ja-in-ja kan wanda zai riƙe shi. An raba takardun a masallatai kafin wani ya lura.

Alhaji Yakubu ya zo shago da ƙannensa biyu ranar da Mansuru ya dawo. Ya ajiye takardar a gabana.

"Malam Idi, wa ya sa ku? Abdullahi ne?"

Na nuna ɗana. Na ce injin yaron nan ne, ni ban san kansa ba.

Mansuru ya zauna, ya buɗe fayil ɗin. Na ga lokacin da idonsa ya sauka kan sunayen da na gajarta. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi baƙin, sannan ya durƙusa ya ce, "Alhaji, kuskurena ne. A yi haƙuri." Alhaji ya ce kada ya sake ganin Mansuru a ƙofar gidansu.

Da suka fita ya mayar da sunayen umarnin yadda suke, ya ci gaba da aikinsa. Na yi ta jiran ranar da zan yi magana, har zazzaɓi na kwana biyar ya ɗauke shi a daminar da ta biyo.

Yanzu ƙanwarsa Rahinatu ke riƙe shagon. Ta sauko daga intanet da ƙari iri-iri na mutanen da ba mu taɓa gani ba, kuma babu wanda ya taɓa karo da na yayanta, domin kowane umarni nasa yana ɗauke da sunan ƙarinsa a gaba. Da yana nan, ina jin murmushi kawai zai yi. Abin da ban sani ba shi ne ko zai so wannan rubutu, shi da ya rufa mini asiri da bakinsa. Rahinatu ma a nan za ta fara ji.

Alhaji Yakubu ya tsufa, ido ya yi rauni. Ranar da rubutun nan ya fito a jarida zan kai masa da ƙafata, in karanta masa da kaina, ko ya kore ni ko ya bar ni in kai ƙarshe.

Takardar addu'ar Mansuru ta bana ni na buga. Na rubuta addua_tsara harafi bayan harafi, ban rage ko ɗaya ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya yafe wa ubansa.