Cinyar Rago a Gidan Malamai Mata

Na taɓa ɗaukar cinyar rago tun daga Manchester na kai wa mutanen da suka mutu tun kafin Bature ya shiga Kano. Komai tsufana, wannan rana ba za ta fita daga kaina ba.

Ni mahauci ne. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Na binne 'ya'ya maza biyu a gida kafin in zo ƙasar nan, na zo nan kuma na binne uwarsu. 'Ya ɗaya ta rage mini, wadda aka haifa a Salford, kusa da Manchester. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Ta tafi jami'a a Birmingham karatun haɗa magunguna, kuma duk wanda ya shigo shagonmu sayen nama sai ya ji wannan labari, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Sai yarinya ta fara janye jiki. Hutu ya zo, ta ce aiki ya yi mata yawa. In na kira, daga gaisuwa sai sallama. Na je har unguwar Sparkbrook a Birmingham inda take haya, ta ba ni shayi tana kallon bango. Na san irin wannan shirun. Haka mutum yake fara tafiya tun yana zaune a gabanka. Ban tambaye ta ba, don ban iya tambaya ba.

Wata rana ta kira da kanta.

"Baba, ranar Asabar zan kai ka wani wuri. Gidan wasu malamai mata ne, su uku, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina so ka gani."

Hausarta irin ta yaran nan ce, tana ɗingishi. Ni kuwa da na ji malamai, sai na ce alhamdu lillahi, yarinya ta san tana da damuwa, addu'a take nema. Ba a zuwa wurin malami hannu rabbana. Na zaɓi cinya mai kyau na naɗe a leda, na haɗa da dabino da turare, na sa babbar rigata ta sallah.

Da ta gan ni a tasha sai ta ce, "Baba, biki za mu?"

"Wuce mu je."

Muka hau jirgin ƙasa, muka sake bas, har wani ƙauye a kan tudu. Iska kamar za ta tafi da hulata. Gidan na dutse ne, gabansa maƙabarta da coci. Cocin ya ɗan tsaya mini a rai, amma na ga jama'a a layi, Turawa da Indiyawa da mutanen Sin, na ce lallai malaman nan suna da almajirai. A bakin ƙofa na cire takalmi. Wata tsohuwar Baturiya mai tsaron ƙofar ta yi mini murmushi.

"Baba, please, sa takalminka."

"Ki ce musu mun iso."

"Wa?"

"Malaman."

Ta dube ni, ta dubi ledar, ta toshe baki. "Baba, sun mutu! Da daɗewa. Masu rubuta littafi ne. Ban san yadda ake cewa ba, shi ne na ce malamai."

"To naman fa?"

"Wane nama?"

Na buɗe mata. Ta yi dariya har ta durƙusa a ƙasa. Raina ya ɓaci, amma rabon da in ji dariyarta har na manta, sai na ƙyale ta. Tsohuwar ta karɓi ledar ta ajiye mana a ƙarƙashin teburinta, ita ma kafaɗunta suna rawa.

Muka shiga. Gida ne ƙarami, mai sanyi. Uwata ta nuna mini teburin da 'yan'uwan suke zagayawa da yamma, kowace tana karanta wa sauran abin da ta rubuta. Ta nuna mini wasu littattafai da suka ɗinka tun suna yara, ba su fi kwalin ashana ba. Ta ce da suka fara fitar da littafi, sunayen maza suka sa don kada a raina su.

Na ce, "Ina 'ya'yansu?"

"Ba su bar ko ɗaya ba."

"To wa ya tara wannan jama'a?"

"Littattafan, Baba."

Sai ta kai ni ɗakin ubansu. Limamin cocin nan ne. Matarsa ta mutu ta bar masa yara shida, shi kuma ya binne su duka kafin nasa ya zo. Na tsaya ina kallon kujerarsa da gilashin idonsa. Ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, amma na san mutumin nan. Na san yadda gida yake yi wa mutum ƙara idan ba kowa.

Uwata ta ce lokacin da yanar ido ta hana shi gani, babbar cikin ukun ce ta kawo shi Manchester aka yi masa aiki, kuma tana jinyarsa ta fara littafin da duniya ta san ta da shi. Bai sani ba. Sai da littafin ya fito ta shigo ɗakin nan ta faɗa masa.

"Me ya sa ta ɓoye?"

"Tsoro take kada ya ji kunya, ko ya ga ta ɓata lokaci."

Muryarta ta canza. Na juyo, na ga idonta ya cika.

"Baba, na bar pharmacy, karatun magungunan nan, tun bara. Adabi nake karantawa. Rubutu nake yi. Na kasa faɗa maka."

Na tuna duk mutanen da na cika wa baki a shago. Sannan na sake duban kujerar. Tsohon nan da za a dawo masa da ɗaya daga cikin shidan, ba zai tambaye ta wace sana'a take yi ba. Ni tawa tana tsaye a gabana, tana numfashi.

Muka fito. Na karɓi ledata, na ba tsohuwar dabinon da turaren. Uwata tana biye da ni kamar wadda za a yanke wa hukunci. A bakin maƙabartar na tsaya na miƙa mata cinyar.

"Masu rubutu kika ce malamai ne?"

"Kuskure na yi, Baba."

"Ni don malama na ɗauko nama, ba na komawa da shi. Ungo. Allah ya yi wa alƙalaminki albarka. Kuma sunanki za ki sa, ba na wani ƙato ba."

Ta rungume ni da leda da komai, a gaban Turawa. Da muka koma gida ta yi mana farfesu. Gishiri ya yi yawa. Na cinye.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ɗan da yake tsoron faɗa maka gaskiya ya fara nisa da kai, kuma gara ka sha kunya a shago da ka zauna a gida kai kaɗai da kujera.

Yanzu na ajiye wuƙa, gwiwa ta ƙi. Ina Handsworth, wata unguwa a Birmingham, a ɗakin ƙasa na gidan da take haya yanzu. Da yamma tana karanta mini abin da ta rubuta, tana juya shi da Hausarta mai ɗingishi, ina gyara mata. Wannan ma ni nake faɗa, ita take rubutawa. Ta ce in ƙara. Na ce ya isa.