Tafiyarmu Garou da wayoyi shida marasa layi

Mun bar Malanville ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, a kan babur ɗina. Ramatu, ɗiyar ƙanwata mai karatun kwamfuta a Kwatano, tana baya rungume da jaka. Ta rubuta wata manhaja da ke sa wayoyi su miƙa wa juna saƙo inda babu rezo, wato sabis ɗin waya, kuma malaminta ya ce in ba ta gwada ta a daji ba, ba za ta ƙare aikinta bana ba. Ni mai sayar da albasa ne. Sau ukku ta yi mini bayani, sau ukku na ce to.

Shingen jandarma

Ƙarfe shida da kwata jandarma ya buɗe jakar.

"Wayoyi shida? Na sayarwa ne?"

"Babu layi cikinsu," in ji ni.

"To da mi suke magana?"

"Da junansu."

Ya dube ni, na dubi Ramatu. Ta nuna takardar makaranta, munka wuce.

Garou

Mun isa ƙarfe bakwai. Malam Idi, manomin da nake sayen albasa wurinsa, ya ba mu koko da ƙosai, ya tara mana mutum ukku, ɗaya mai kwalekwale ne. Ramatu ta jera mu kan kunyar shinkafa, taki ɗari tsakanin kowa, ita a farko, Malam Idi a ƙarshe, ni a tsakiya, mai kwalekwalen kuwa cikin ruwa gefenmu da tasa wayar.

"Kawu, kai ne gada. Kada ka motsa."

Na tsaya awa guda cikin rana, wayar ba ta ce komi ba. Sai na hango wani abokina da shanunsa, na tafi gaishe shi. Muna cikin tambayar iyali na ji Ramatu tana ƙwala mini kira. Na ce a raina na kashe wa yarinya shekara.

Ta iso da gudu, tana dariya.

"Kawu, saƙo ya isa! Da ka tafi, ya rasa ka, ya bi ta wayar mai kwalekwale."

"Wa ya gaya mashi akwai kwalekwale?"

"Ba kowa. Wayoyin ne sunka tambayi juna. Sake tafiya, in canza masu ƙa'ida in gani."

Sau bakwai na je na gaida mutumin nan, har ya tambaye ni ko lafiya.

Gida

Mun iso Malanville ana kiran la'asar. Uwarta ta tambaye ni yadda aikin ya tafi, na ce Ramatu ta ce ya yi kyau, iyakar abin da na sani ke nan. Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, na gode wa Malam Idi da mutanen Garou.