Muntaka da Sabuwar Kwalta

Duk wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi cikin 'yan shekarun nan ya san Malam Muntaka, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai sandar ƙarfe da yake kafa farar kujerar roba a bakin titin Zariya, dab da shagona na ɗinki, fuska a murtuke kamar an aiko masa da sammaci. Baƙi kan ɗauka gadi yake yi. Ba gadi ba ne. Mutum ɗaya yake jira ya wuce, kuma ni Inuwa tela na san mutumin, na san abin da ya haɗa su.

Daga wani ƙauye a ƙasar Rano Muntaka ya shigo Kano yana saurayi, ya koyi tuƙi, ya kama hanyar Zariya da ƙaramar motar haya. A wancan lokacin hanyar ba hanya ba ce, azaba ce da aka shimfiɗa. Ramukanta ma suna gare su a bakin direbobi. Akwai wanda suke kira Sallama, don in ka faɗa shi ka yi sallama da tayarka. Muntaka ya fi shekara ashirin yana bin ta, bai taɓa ko kwarzane fentin wani ba. Kullum ya dawo sai ya zauna a shagona ya yi ta tsine mata, yana dafe da ƙugu, ni kuwa ina taka keke ina cewa amin. Amma fa a wannan lalatacciyar hanya direbobi 'yan uwan juna ne. Ba mai iya gudu, balle ya tsere wa wani. In motarka ta tsaya, kafin ka buɗe bonet mutum uku sun faka a bayanka.

Sai aka gyara hanya. Aka yi ta hannu biyu, masu zuwa daban masu dawowa daban, baƙa wuluk, sumul tun daga Kano har Zariya. Ranar da Muntaka ya fara bin ta daga farko har ƙarshe, da rawar jiki ya shigo shagona.

“Inuwa, wallahi yau ban taka birki ba sai da na hango gadar Kwangila! Wata tsohuwa a baya har barci ta yi, da na tashe ta cewa ta yi yaushe za mu tashi.”

Na taya shi murna, don har ga Allah abin murna ne. Ciwon bayansa ya tafi, ya daina kwana a gareji, har ƙiba ya fara. Abin da ba mu lura ba shi ne ramukan nan su ne suke riƙe da hankalin wasu. A tasha ka'ida ce, wanda ya riga isowa shi ne a gaba a layin lodi. Da can kowa ya san rami ne zai raba gardama, ba wanda yake wahalar da kansa. Da kwalta ta yi santsi sai layi ya koma na mai ƙarfin ƙafa a kan totur. Yaran direbobi suka mayar da hanyar filin tsere, kuma gwaninsu shi ne Faruku, wani matashi ɗan Tarauni mai farar bas, mai yawan dariya da baƙin gilashi a ido. Baba yake kiran Muntaka, yana rusunawa in zai gaishe shi, amma a bayan ido cewa yake tsoho ya kamata ya koma noman rogo.

Muntaka yana da 'ya ɗaya mace a cikin maza huɗu, Ummukulthum. Ita ce ta fara samun gurbin jami'a a duk zuriyarsu, a Zariya. Ni na ɗinka mata kayan tafiya, ta zo ta tsaya a kaina tana cewa, “Baba Inuwa, kar ka yi min hannun 'yan ƙauye, can 'yan gayu ne.” Ranar tafiya uban ya ce ba wanda zai kai ta sai shi. Ya sa ta a gidan gaba, ya cika sauran kujeru da fasinja, suka tashi da hantsi.

Direbobi suna da wata magana da suke yi da hannu. In kana bayan babbar mota ba ka ganin gaba, sai ka haska wa na gabanka fitila. Shi yake ganin hanya, in babu komai sai ya fito da hannu ta taga ya yafito ka, wato wuce, lafiya lau. Wannan hannun amana ne. Direba zai iya yi maka ƙarya a kan komai a duniya, amma ban da wannan, don ya san rai ne a ciki.

Bayan sun wuce Kwanar Ɗangora, Muntaka ya tarar da bas ɗin Faruku a gabansa, ta tare masa gani. Ya haska fitila. A hannun hagu, can gaba kaɗan, akwai tifar yashi da ta lalace a tsaye, an zuba mata 'yan ganyaye a baya. Faruku yana ganinta sarai. Ya fito da hannu ya yafito Muntaka. Shi a lissafinsa tsoho zai fito, ya yi ido biyu da tifa, ya danna birki a rikice, a bar shi a baya ana dariya. A tsohuwar hanya da hakan za a yi. A sabuwar kwalta, da irin gudun da mota take yi ba tare da ka ji a jikinka ba, birki bai da abin da zai iya. Muntaka ya fito, ya yi ƙoƙarin kaucewa ta hagu, gefen da Ummukulthum take shi ya shige ƙarƙashin tifar. Nan take ta cika.

Faruku bai tsaya ba. Ya isa Zariya, ya shiga layi, ya yi lodi, ya dawo.

Da maganar ta mutu a nan, kowa ya ce haɗari ne irin na kullum. Sai wata 'yar kasuwa daga Unguwar Gano, wadda take zaune a bayan Faruku ranar, ta kasa barci da abin. Ta nemi gidan ta zo gaisuwa, ta faɗa wa Safara'u matar Muntaka cewa da kunnenta ta ji Faruku yana cewa, “Bari mu gwada birkin Baba,” kafin ya fitar da hannu.

Muntaka ya daɗe a asibiti, ya fito da ƙafar dama a shanye. Manyan tasha suka kira zaman sulhu, ni na raka shi. Faruku ya durƙusa, ya cire baƙin gilashin, ya ce, “Wallahi Baba wasa nake. Ban ɗauka abin zai kai haka ba.” Manya suka gyaɗa kai, suka ce ai ya amsa laifinsa, ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare, a yi haƙuri a yafe. Ni abin da ya fi ƙona min rai a garin nan ke nan. Mutum ya kashe maka 'ya da wasa, sai a zagaye ka da manyan riguna ana karanta maka haƙuri, har ka koma kai ne mai taurin zuciya. Duk mun san rai na Allah ne. Amma hannun da aka fitar ta taga ai na Faruku ne.

Muntaka bai ɗaga murya ba. Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce, “Ba zan kai shi kotu ba, ba zan sa a taɓa shi ba. Amma yafiya tawa ce, kuma ba zan ba shi ba.”

Daga nan kujerar roba ta fito bakin titi. Kullum da safe Faruku yana biyowa ta Gyaɗi-Gyaɗi zuwa tasha, inda cunkoso yake tilasta wa kowa tafiya a hankali. Muntaka yana hango farar bas sai ya ɗaga hannu ya yafito shi, a nutse, daidai yadda aka yi masa. Ba zagi, ba tsinuwa. Fasinja suna ɗauka gaisuwa ce, wasu har ɗaga masa hannu suke. Ni da nake leƙowa daga shago ina ganin yadda Faruku yake sunkuyar da kai kan sitiyari, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji har cikin raina.

Da Faruku ya gaji ya canza hanya, ya koma zagayawa ta Hotoro. Muntaka ya bar kujerar a shagona na ɗan lokaci, ya riƙa hawa adaidaita sahu ranar Juma'a zuwa masallacin unguwarsu Faruku. Zai laluba sahu har ya same shi, ya zauna a gefensa, ya miƙe shanyayyiyar ƙafar a gabansa tunda ba ta lanƙwasuwa. In an sallame ya ba shi hannu ya ce, “Faruku, ya hanya? Tana nan sumul ko?” Safara'u ta yi masa magana, 'ya'yansa maza suka yi, liman ya yi. Ya ce shi sallah yake zuwa, ko an hana gurgu sallah a Tarauni ne?

Faruku ya rame, dariyar nan ta ɗauke. Aka ce in ya hau doguwar hanya ba ya iya ba kowa hannu ya wuce, daga baya ma ya sayar da bas ɗin. Can sai ga labari ciwon ƙoda ya kama shi. Da jiki ya yi tsanani sai aike ya fara zuwa, yau kawunsa, gobe limaminsu, duk maganar ɗaya ce, yaron nan ba ya barci, ba abin da yake ambata sai yafiyar Baba Muntaka, a taimaka kar ya tafi da hakkin rai a wuyansa. Muntaka ya ba su tabarma, ya ba su ruwa, ya raka su bakin ƙofa hannu wofi.

Ƙarshe aka ɗauko Faruku da kansa a adaidaita sahu, wani yammaci bayan la'asar. Ƙafafunsa sun kumbura, mutum biyu suka riƙo shi suka zaunar a ƙofar gidan. Ya kama gefen rigar Muntaka yana kuka.

“Baba, don girman Allah. Likita ya gama magana. Ka ce ka yafe min, kalma ɗaya.”

Muntaka ya dube shi, sannan ya zare rigarsa a hankali. “Ni ƙafa kawai ka ɗaukar min, Faruku. Mai babban hakkin tana can. Tunda ka ce ka kusa, in ka je ka nema a wajenta.”

Faruku bai cika wata ba ya rasu.

Na ɗauka shi ke nan, amma da safe sai ga Muntaka cikin farar shadda da hula, ya ce in rufe shago mu je jana'iza. Muka tarar layin gidansu Faruku a cike, direbobi kamar an rufe tasha. Aka fito da makara aka ajiye. Kafin a tayar da sallah liman ya juyo ya fuskanci jama'a kamar yadda aka saba, ya ce ɗan'uwanmu ya riga mu, duk wanda ya saɓa wa, a dubi Allah a yafe masa. Jama'a suka amsa gaba ɗaya, “Mun yafe, Allah ya yafe mana.” Muntaka ya bari sai da muryoyi suka kwanta.

“Liman, ni ban yafe ba.”

Wasu matasa suka yunƙuro, manya suka tare su. Sai wata murya ta fito daga zaure, ta tsohuwa. Mahaifiyar Faruku ce, ta kutsa ta cikin mata har bakin ƙofa, ta riƙe labule.

“Muntaka, ni ka duba, ba shi ba. Ni na haife shi. Kar ka bari a rufe min ɗa da wannan kalmar.”

Na kalli Muntaka, ina jin yanzu kam zai karaya, don na ga leɓensa yana motsi. Ya gyara tsayuwa a kan sandarsa, ya rusunar da kai kamar yadda ake yi wa uwa.

“Inna, Allah ya ba ki haƙuri. Ke kin zauna a kansa, kin ba shi ruwa, kin rufe masa ido, yanzu ma kina ganin fitarsa. Ni ina kwance ban san inda kaina yake ba aka binne tawa. Da na farka ita na fara tambaya, aka ce tana makaranta. Sati biyu ina aika mata gaisuwa.”

Tsohuwar ta saki labulen. Liman ya juya ya yi kabbara, sahu ya tashi. Muntaka bai shiga ba. Ya juya ya kama hanyar bakin titi, yana jan ƙafar a cikin ƙasa, ni kuma na bi bayansa don in tare masa abin hawa.